Furen Mushe: Tsiron Da Jama'a Ke Bin Layi Domin Shaƙar Ɗoyinsa

Ko'ina a duniya da ƙanshi aka san fure. Shi ya sa ake dasa shi a ƙofar gida, ake tatsar turare daga jikinsa, ake kuma kwatanta kyakkyawa da shi. Amma akwai wani fure guda da ya saɓa wa wannan ƙa'ida, don kuwa ɗoyinsa ne ya ɗaukaka shi, har ya zamana duk lambun da ya mallake shi yana tinƙaho da shi kamar yadda basarake ke tinƙaho da ingarman dokinsa.

A cikin watan Janairu na shekarar 2025, mutane fiye da 20,000 suka yi tururuwa zuwa babban lambun tsirrai na birnin Sidni, a ƙasar Ostireliya. Waɗansu sun yi awa uku a tsaye cikin layi, domin kawai su ga wannan fure na 'yan mintoci, su kuma shaƙi warin da yake fitarwa. Shekara 15 ke nan rabon da irinsa ya buɗe a wannan lambu. Waɗanda ba su sami zuwa ba kuwa suka zura masa ido ta intanet dare da rana. A shekarar 2013 ma, mutane wajen 130,000 suka ziyarci lambun tsirrai na gwamnatin Amurka da ke Washinton saboda shi.

Sai dai kuma, yayin da farin jininsa ke ƙaruwa a biranen duniya, a dajin da ya fito ƙarewa yake yi. Lambunan da ke nuna shi ga jama'a su ne suka zama gidansa na biyu, ga shi kuwa masana sun fara gano cewa shi kansa wannan gida na biyu bangonsa ya soma tsagewa.

ASALINSA DA DANGINSA

Mutanen ƙasar Indunusiya suna kiransa bunga bangkai, watau furen mushe. Masana ilmin tsirrai kuwa suka sa masa suna Amorphophallus titanum. Ba ya fita da kansa ko'ina a bayan ƙasa sai a tsibirin Sumatara, ɗaya daga cikin manyan tsibiran Indunusiya, galibi a gangaren tuddan yammacin tsibirin, inda daji ke da duhu, zafi da laima ba sa yankewa, ruwan sama kuma ke zuba kusan duk shekara.

Ko da yake baƙo ne daga nesa, danginsa ba baƙi ba ne ga Bahaushe. Gidansu ɗaya da gwaza da ake nomawa a fadama, da gwazar giwa ta daji, har ma da kainuwa da ke yawo a kan tafki. Duk wanda ya taɓa lura da furen gwaza, wanda ke fitowa kamar ɗan yatsa a cikin kunne guda, to, ya ga furen mushe a taƙaice. A dazuzzukan Afirka ta Yamma ma akwai ƙannensa na kusa, waɗanda ke fitar da ɗan fure mai wari daga ƙasa tun kafin ganyensu ya fito. Bambancin kawai shi ne na Sumatara ya yi wa sauran fintinkau wajen girma.

DOYA, GANYE, SA'AN NAN FURE

Ƙarfin wannan tsiro duk yana cikin ƙasa, a cikin wani ƙaton tushe mulmulalle mai kama da doya, wanda shi ne rumbun abincinsa. A shekarar 2003 aka kai wa lambun birnin Edinbara, a Sikotland, wata doyarsa wadda ba ta fi lemo girma ba. Da aka ɗora ta a ma'auni a shekarar 2010, sai aka tarar ta kai kilo 153.9, watau ta ɗara buhu uku na siminti nauyi. A lambun jami'ar Bon, a Jamus, wata doya mai kilo 117 ta taɓa fitar da fure uku a lokaci guda a shekarar 2006.

Daga wannan doya ganye ɗaya tak yake fitowa. Amma wanda bai sani ba zai rantse bishiya ce, gama tsawonsa yakan kai mita 6, watau kamar ƙafa 20, ya kuma buɗe a sama kamar laima mai rassa da ƙananan ganyaye barkatai. Abin da ake zaton gangar bishiya ce, kara ne na ganyen, kore mai ɗigo-ɗigon fari, mai laushi da ruwa a ciki. Ganyen yakan yi shekara ɗaya ko ɗaya da rabi yana shan rana yana tura abinci ƙasa, sa'an nan ya yanƙwane ya faɗi. Doyar ta kwanta barci na 'yan watanni, ta sake fitar da wani ganye wanda ya fi na baya.

Haka za a yi ta yi, shekara bakwai zuwa goma, kafin doyar ta tara ƙarfin da zai ishe ta yin fure. In lokacin ya yi, sai wani tsiri ya ɓullo daga ƙasa, yana ƙaruwa da wajen santimita 10 a kowace rana. Siffarsa kashi biyu ce: akwai doguwar zangarniya a tsakiya, mai kama da ta gero sai dai ta fi cinyar ƙato kauri, akwai kuma wani mayafi mai tattara da ya naɗe gindinta. Tsawon duka yakan wuce na mutum nesa ba kusa ba. Wanda ya buɗe a jihar New Hampshire ta Amurka a shekarar 2010 ya kai mita 3.1, har aka sa shi cikin littafin Guinness na abubuwan da ba a taɓa ganin irinsu ba.

DAREN DA YAKE BUƊEWA

Da la'asar sakaliya mayafin yake fara warwarewa, kafin dare ya raba ya buɗe sarai kamar ƙaton mazurari. Bayansa kore ne, cikinsa kuwa ja wur mai duhu, launin ɗanyen nama da ya kwana. A daidai wannan lokaci zangarniyar take ɗaukar zafi, har ta kai wajen digiri 36 a ma'aunin santigired, kusan zafin jikin ɗan Adam. Wannan zafi shi ke ɗaga warin sama, ya bi iska ya ratsa daji. Masana da suka auna warin sun tarar da sinadarai masu farar wuta irin waɗanda ruɓaɓɓen nama ke fitarwa, da mai ƙarnin ruɓaɓɓen kifi, da mai tsamin ƙafar da ta daɗe cikin takalmi.

Ruwa dai ba ya tsami banza. A ƙasan zangarniyar, can cikin mayafi, akwai ɗaruruwan ƙananan furanni, mata a ƙasa, maza a bisansu, kuma su ne ainihin furannin tsiron. Matan ba za su yi 'ya'ya ba sai an kawo musu bununi, watau garin nan da namijin fure ke zubarwa, daga wani tsiro dabam. A cikin daji kuwa tsakanin tsiro mai fure da wani akwai tafiya mai nisa. Saboda haka furen mushe ya kan yi shigar gawa, launi da wari da ɗumi, domin ya yaudari ƙudaje da ƙwari masu neman mushen da za su zuba ƙwai. Su taho a guje, su faɗa cikin mayafi, su yi ta dube-dube ba su sami kome ba, amma bununin da suka kwaso a jikinsu daga wani fure ya goge a kan matan.

Wani abin lura shi ne, matan da mazan ba sa nuna a rana ɗaya. A daren farko mata ne ke karɓar bununi. Sai a dare na biyu, bayan matan sun rufe, mazan ke zubar da nasu, ya manne wa ƙwarin da ke fita. Ta haka tsiron ke kauce wa yi wa kansa barbara. Bayan kwana ɗaya ko biyu zangarniyar ta langwaɓe ta faɗi, wahalar shekara goma ta ƙare ke nan a cikin dare biyu.

In an dace, bayan waɗansu watanni sai kan ya cika da jajayen 'ya'ya masu girman dabino. Manyan tsuntsayen dajin Sumatara, dangin cilakowa da burtu, su ke haɗiye su, su je su kasayar da ƙwallon a wani wuri. Ashe ke nan tsiron yana bukatar ƙwaro, yana bukatar tsuntsu, su kuma duka suna bukatar daji.

Wannan dabara ta shigar gawa ba shi kaɗai ke yin ta ba. A dazuzzuka masu laima na Asiya da Afirka da Amurka akwai wani irin naman kaza, dangin laimar kwaɗi, wanda ke fasowa daga wani abu mai kama da ƙwai, ya miƙe cikin 'yan awoyi, ya saki farar raga kamar koma ta kewaye shi. Kansa yana da wani yauƙi mai wari wanda ƙudaje ke lasa, su tafi da irinsa. A ƙasar Sin har noma shi ake yi domin miya. A Sumatara kuma akwai wani fure da ake kira Rafflesia, wanda mutane ke rikita shi da furen mushe don shi ma yana ɗoyi. Faɗinsa yakan kai mita ɗaya, ba shi da ganye ba shi da saiwa, a jikin wata igiyar daji yake rayuwa kamar yadda kauci ke rayuwa a jikin bishiya, shi ya sa ya gagari yawancin masu lambu.

YADDA YA ISA TURAI

Kafin tsiron ƙasar zafi ya rayu a Turai sai da aka warware matsala biyu, ta hanya da ta sanyi. A da, tsirran da aka ɗauko a jirgin ruwa mutuwa suke yi saboda gishirin teku da ƙarancin ruwan sha. A shekarar 1829 wani likita a Landan, Nathaniel Ward, ya lura cewa tsiro yana rayuwa a cikin rufaffiyar kwalba ba tare da an ƙara masa ruwa ba, don gumin da ya tashi yana komawa cikin ƙasar. Ya sa aka ƙera akwatuna masu gilashi, ya aika da biyu zuwa Sidni a shekarar 1833, tsirran suka isa da ransu. Matsalar sanyi kuwa ɗakunan gilashi suka warware ta, waɗanda ake ɗumamawa da tukunyar ruwan zafi. Mafi shahara a cikinsu shi ne wanda aka gina tsakanin 1844 da 1848 a lambun Kew, kusa da Landan, lambun da aka kafa tun 1759.

Daga nan sai gasa ta tashi tsakanin sarakuna da attajirai, kowa yana son ya riga wani nuna abin mamaki. Wanda ya fara ɗaukar hankalin jama'a shi ne ƙaton badon kogin Amazon, ɗan'uwan badon tafki, wanda aka sa wa sunan Sarauniya Biktoriya. Ganyensa kamar faranti yake mai tasasshen baki, faɗinsa ya wuce mita 2. Joseph Paxton, shugaban masu lambun wani basarake a Chatsworth, shi ya fara sa shi ya yi fure a Ingila cikin Nuwamba 1849, har ya tsayar da 'yarsa ƙarama a kan ganyen bai nutse ba. Jijiyoyin da ke ƙarƙashin ganyen suna cikin abin da ya koyi darasi da shi wajen tsara ƙaton zauren gilashi na bajekolin duniya da aka yi a Landan a 1851.

Furen mushe ya biyo baya. A shekarar 1878 wani masanin tsirrai mutumin Italiya, Odoardo Beccari, ya gamu da shi a yankin Padang, a yammacin Sumatara, ya rubuta bayaninsa, ya kuma aika da iri gida. Mutanen wurin sun san abinsu tun kaka da kakanni, Turawa ne dai suka ji sabon labari. Irin ya tsira a Italiya, aka ba lambun Kew tsiro guda, aka yi ta renonsa shekara goma, ya yi fure a 1889. Wannan ne karo na farko da ya buɗe a wajen ƙasarsa. Da wani ya buɗe a Kew a 1926, jama'a suka yi yawa har sai da aka kira 'yan sanda. A Amurka kuwa ya fara buɗewa a lambun birnin Niyok a 1937, kuma daga 1939 har zuwa 2000 shi ne furen da unguwar Bronx ta ɗauka a matsayin tambarinta.

RENONSA SAI MAI HAƘURI

Mai lambun da ya ɗauki renon wannan tsiro ya ɗauki aiki. Dole ɗaki ya kasance da ɗumi da laima dare da rana, rani da damina. In ruwa ya yi yawa doyar ta ruɓe, in ya yi kaɗan ta tsumbure. In ta ƙuje wajen ɗagawa, cuta ta sami ƙofa. Sai lokacin da take barci ake tono ta, a wanke, a duba, a auna, a sake mata tukunya, kuma babba sai ƙarti sun taru kafin su ɗaga ta. Duk da haka ba wanda ya isa ya sa mata rana. In tsiri ya ɓullo ma, sai ya yi kwanaki kafin a tabbatar ko ganye ne ko fure.

Wani lokaci kuma tsiron yakan ba da kunya. A cikin Agusta 2015 lambun birnin Shikago ya yi shela cewa furensa, wanda suka laƙaba wa suna Spike, yana gab da buɗewa. Dubban mutane suka yi ta zarya, 'yan jarida suka kafa na'urori, amma fure ya ƙi buɗewa, ƙarfinsa ya gaza. Daga ƙarshe masana suka sa wuƙa suka yanke mayafin a gaban jama'a, suka nuna musu abin da ke ciki. Bayan wata guda wani tsiron a lambun, mai suna Alice, ya buɗe ba tare da an yi masa shela mai yawa ba.

KWAKWAR MANJA DA DAJIN SUMATARA

A shekarar 2018 ƙungiyar duniya mai lura da halittun da ke cikin haɗari, wadda ake kira IUCN, ta sa furen mushe cikin jerin waɗanda ake tsoron ƙarewarsu. Ƙiyasin da aka yi ya nuna manyan da suka rage a daji ba su kai 1,000 ba. Babban dalili shi ne saran daji. Ƙungiyar WWF ta ƙiyasta cewa tsakanin 1985 da 2007 Sumatara ta rasa kusan rabin dajinta, saboda katako, da itacen yin takarda, da gonakin kwakwar manja. Tsuntsayen da ke yaɗa irin su ma suna raguwa, ga rashin daji ga mafarauta.

Labarin kwakwar manja a wannan yanki abin a tsaya a duba ne, don ita ma da ado ta fara. Asalinta bishiyar Afirka ta Yamma ce. A shekarar 1848, zamanin da mutanen Holand ke mulkin Indunusiya, aka kai tsiro huɗu kacal lambun tsirrai na Bogor, a tsibirin Jawa, lambun da aka kafa a 1817. Suka girma suka yi 'ya'ya, aka riƙa ɗibar irin ana dasawa a gefen hanyoyin gonakin taba na yankin Deli, a Sumatara, domin ƙawa da inuwa.

Wani mutumin Beljiyam, Adrien Hallet, wanda ya san kwakwa tun a Kwango, ya lura cewa waɗannan bishiyoyin gefen hanya sun fi na Afirka ba da mai. A shekarar 1911 ya buɗe gonar kasuwanci ta farko a Sumatara. A farkon shekarun 1960 Nijeriya ce ke kan gaba a duniya wajen manja, amma yanzu Indunusiya ita kaɗai ke fitar da fiye da rabin manjan duniya, Nijeriya kuwa har sayowa take yi daga waje. Miliyoyin mutanen Indunusiya da kwakwa suke ci suke sha, ba kuwa mai cewa su bar ta. Amma abin da ya faru ya faru: bishiyar da aka kai lambu domin kallo ta fita ta cinye daji, tsiron da ke cikin dajin kuma ya koma lambu ana kallonsa.

IRIN DA BA YA SHIGA RUMBU

Mai karatu zai iya tambaya, me ya hana a tara irinsa a adana? Ai akwai rumbunan iri na zamani, kamar wanda hukumar Kew ta buɗe a shekarar 2000, inda ake busar da iri a sa shi cikin sanyi mai tsanani, ya yi shekaru aru-aru bai mutu ba. Wannan dabara tana yi wa iri kamar gero da dawa da wake. Amma akwai irin da in ya bushe ya mutu. Kowane fatake ya san goro ba ya son bushewa, sai an lulluɓe shi da ɗanyen ganye ana yayyafa masa ruwa. Ƙwallon mangwaro da na koko ma haka suke. Irin furen mushe yana cikin wannan sahu, saboda haka ba yadda za a adana shi sai a raye, a cikin tukunya, ana ba shi ruwa.

A nan ne wahala ta biyu take. Tun da mata da maza ba sa nuna tare, kuma da wuya tsiro biyu su buɗe rana ɗaya a lambu ɗaya, masu lambu kan yanka 'yar taga a gindin mayafi, su ɗebi bununi, su ajiye cikin firji mai ƙanƙara, ko su aika wa wani lambu. In nasu ya buɗe, su shafa wa matan da ɗan buroshi a daren farko. Fure ba ya jira, don haka sau da yawa bununin da ke kusa shi ake amfani da shi, ko da na wa ne ko na uba. Waɗansu kuma sukan yanki ganye su dasa, kamar yadda ake dasa rogo ko rake, abin da ya fito kuwa tsohon tsiron ne ya sake fitowa, ba sabon jini.

A shekarar 2025 masana daga Jami'ar Northwestern da lambun Shikago, ƙarƙashin jagorancin Olivia Murrell, suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan tsirrai kusan 1,200 da ke lambuna 111 a ƙasashe dabam-dabam. Suka tarar kashi 24 cikin 100 dashe ne daga jikin wani, kashi 27 cikin 100 kuma 'ya'yan dangi na kusa ne. Suka kuma tarar takardun tarihin tsirran cike suke da giɓi, musamman in an ɗauki tsiro daga wannan lambu zuwa wancan, sai tsiro ya tafi takarda ta tsaya. Kowane makiyayi ya san abin da ke samun garke in ba a sauya bijimi ba. Haka yake ga tsiro: bununi ya yi rauni, cuta ɗaya ta kwashe duka, har an ga inda 'ya'yan suka fito farare fat kamar zabiya, ba koren da za su sarrafa hasken rana da shi, suka mutu tun suna ƙanana.

Maganin da masana suka kawo daga gidajen namun daji suka aro shi. Masu kiwon giwaye da birai a irin waɗannan gidaje sun daɗe suna riƙe da littafin salsala, inda ake rubuta uwa da uba da kakannin kowace dabba, don kada a haɗa jini ɗaya. Lambun Shikago da abokan aikinsa sun fara yi wa furen mushe irin wannan littafi, suna kuma gwada ganyen tsirrai a ɗakin bincike domin a gane wane ne ɗan'uwan wane. Manufa ita ce, ranar da fure zai buɗe a wani gari, a riga an san lambun da ya kamata a nemi bununi daga gare shi.

MISALI BIYU DAGA AFIRKA

Abin da ke iya faruwa in aka makara, wata bishiya ta Afirka ta Kudu ta nuna shi. A shekarar 1895 John Medley Wood, shugaban lambun birnin Durban, ya ga wata bishiya mai kama da dabino a dajin Ngoye, a ƙasar Zulu. Irinta kamar giginya ne da gwanda, akwai namiji akwai mace, wadda ya gani kuwa namiji ce. Aka yi ta cire 'ya'yan gindinta da gangunanta ana kaiwa lambuna, har aka ɗauke na ƙarshe a 1916. Daga ranar har yau ba a ga macen ba. Bishiyar, wadda ake kira Encephalartos woodii, tana nan a lambuna da yawa, har da Kew, tana da kyau, ana kallonta, amma duk jiki ɗaya ne aka rarraba, ba kuwa za ta yi iri nata na kanta ba sai ranar da aka sami mace.

Misali na biyu ya fi daɗin ji. A shekarar 1987 wani masani Bajamushe, Eberhard Fischer, ya gano bado mafi ƙanƙanta a duniya a bakin wata maɓuɓɓugar ruwan zafi a kudu maso yammacin Ruwanda, ganyensa wani bai fi farce ba. Wajen shekarar 2008 aka karkatar da ruwan, wurin ya bushe, badon ya ɓace. Allah Ya sa akwai 'yan kaɗan a lambun Bon. A 2009 wani ma'aikacin Kew, Carlos Magdalena, ya gano cewa irin ba ya son zurfin ruwa kamar sauran bado, sai dai taɓo mai ɗumi inda iska ke taɓa ganyen. Da wannan sani aka yawaita shi. A shekarar 2023 kuma aka sake gano shi a daji a Ruwanda, aka sami damar kare shi a inda ya fito.

Furen mushe yana tsakanin waɗannan biyu. Har yanzu akwai shi a daji, akwai ƙwarin, akwai tsuntsayen, akwai kuma jini dabam-dabam da za a iya ceto. Kuɗin ƙofa da sunan da 'yan kallo ke jawo wa lambuna suna taimakawa wajen riƙe ma'aikata da biyan bincike, kuma yaron da ya toshe hanci yana dariya a gaban furen ya ji sunan Sumatara, wataƙila a karo na farko. Amma aikin da zai tsirar da tsiron ba a gaban jama'a ake yin sa ba. Yana cikin littafin da ake rubuta uwa da uba, da ɗan ƙunshin bununi da ake aikawa daga gari zuwa gari, da kuma kowace kadada ta daji da hukumomin Indunusiya da mutanen ƙauyukan Sumatara suka yarda a bari a tsaye. Hausawa sun ce gida biyu maganin gobara, amma fa sai in an kula da duka biyun.